Ranar da Baba Ya Kwance Tokarin Bango

Ubana magini ne. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi yana ɗora bulo a kan bulo, har yau kuma in muka ratsa wata unguwa a mota sai ya sa direba ya rage gudu don ya nuna mana katangar da ya yi tun ban san hagu da dama ba. "Dubi can, ko tsaga babu," haka zai ce, sai ka ce wani ya yi masa musu. To wannan mutumin na tasa a gaba na gaya wa cewa gidan da zan yi mana, ba a filin za a gina bangayensa ba. A masana'anta za a zuba su da kankare, su bushe a can, a ɗauko su a mota a zo a kafa.

Bai yi faɗa ba. Da ma faɗan ya yi, da na san inda zan kama, don faɗa fannina ne, ba a banza yake kirana Barkono ba. Kallona kawai ya yi ya ce, "Bango a mota? Kamar katifa?"

Ni kuwa ba neman burgewa ne ya kai ni ba. A lokacin shekara biyu ke nan da Mama ta samu shanyewar ɓarin jiki. Ɓangarenta na dama ya daina aiki, maganarta ta koma kalma ɗaya ko biyu, su ma sai an yi jira. A hawa na uku muke zaune, matakala arba'in da biyu, duk ranar da za a kai ta asibiti sai an tara maƙwabta an sauko da ita a keken guragu kamar ana sauke firiji. Ni malamar jinya ce, na san abin da zaman ɗaki yake yi wa mutum. Gida nake so na ƙasa, kuma da wuri nake son sa. In na biye wa Baba da ciwon bayansa, sai a shekara ba a kai linta ba.

Injiniyar da na samu, wata siririya mai hular kwano da ta fi kanta girma, ta ce mini wata biyu sun isa. Na roƙe ta a yi wa ɗakin Mama ƙofarsa ta kansa, mai faɗi, tana kallon gabas, da babbar taga a gefenta, yadda za a riƙa turo keken kai tsaye zuwa waje ta sha hantsi.

Ranar Alhamis aka kawo bangayen. Baba ya ce ba za shi ba, wai bayansa. Ni na ɗauki hutu na je. Babbar mota ce ta shigo da su a tsaye, sun jingina da juna, kowanne an riga an fitar masa da ramin ƙofa da na taga. Motar ɗaga kaya ta riƙa kama su da sarƙa ɗaya bayan ɗaya, suna lilo a sama, leburori na jan igiya suna daidaitawa, har a sauke kowanne a kan rodin da ke leƙe daga daɓe. Kafin a kwance sarƙa sai an kafa wa bango ƙarafa biyu dogaye, a karkace, kai ɗaya a ɗaure da noti a jikin bangon, ɗayan a daɓe. Kafin la'asar gida ya tsaya, babu rufi, cikinsa cike da ƙarafan nan sun gitta ko'ina, sai ka sunkuya nan ka tsallaka can.

Injiniya ta ja ni zuwa bangon gabas na ɗakin Mama, ta sa na durƙusa. A ƙarƙashinsa akwai fili kamar yatsa biyu, haske na ratsawa. A kan wasu 'yan faifan ƙarfe bangon yake zaune, kowanne bai fi sabulun wanka ba.

"Sista, kin ga wannan?" ta ce. "Tan huɗu ne, kuma a yanzu ba abin da ke riƙe da shi sai ƙarafan nan biyu. Ranar Litinin mai walda zai haɗa kusurwoyi, mu ɗura siminti a ƙasa ya kama, mu ɗora rufi. Sai a lokacin za a kwance su. Kafin nan ko ƙuda ya sauka a kan noti, ki kore shi."

Na yi dariya na ce na ji. Ta tara leburori ta maimaita musu, har sau biyu. Mutum ɗaya ne ba a gaya wa ba, kuma ni ya kamata in gaya masa.

Washegari Baba ya je filin ba da sanina ba, shi da tsofaffin abokan aikinsa biyu. Da yamma na tarar da shi a falo fuska a murtuke. Ashe dariya suka yi masa har da riƙe ciki, wai gidan 'yar magini tun ba a shiga ba ya fara dogara sanda. A sana'arsu, bangon da ya tsufa, ya yi ciki, yana jiran ranarsa, shi ake tokarewa. Maginin da aka ga tokari a sabon aikinsa ya gama jin kunya, ba mai sake kiransa ko ginin akurkin kaji.

"Na sa igiyar awo, bangon a miƙe yake," ya ce. "Na sa kafaɗa na tura, ko gezau. To tokarin na mene ne? Yaran nan tsoro ne kawai ya yi musu yawa."

A nan ne ya kamata in ja kujera in gaya masa hasken da na gani a ƙarƙashin bango. Minti biyu ya isa, kuma da ya gane tun kafin in rufe baki, don ya fi ni sanin nauyi nesa ba kusa ba. Amma a gajiye na dawo daga aiki, ga shi wata guda ina shan habaicin katifa. Sai na ce, "Baba, don Allah a bar wa masu aiki aikinsu." Na shige ɗaki na turo ƙofa. Har yau in na tuna maganar nan sai in ji kamar in ciji harshena.

Ranar Asabar ƙarfe biyu na tashi daga aiki. Na ce bari in biya ta filin kafin in wuce gida, don hadari ya haɗo ta gabas baƙi ƙirin, kuma ban tabbata an rufe buhunan siminti ba. Ina sauka daga mota iska ta fara kwasar ledoji a titi.

A gefen tulin yashi na ga ƙarafa biyu dogaye a kwance. An jera su kai da kai, an ɗora su a kan bulo don kada su taɓa ƙasa. Kusa da su ga tsani, shi ma a kwance, a kansa sifanar kwance noti da gwangwanin madara. Na san gwangwanin nan. Tun ina yarinya Baba ba ya barin ƙusa ko noti a ƙasa, a gwangwani yake tarawa. Na leƙa ciki. Notuna huɗu ne, an goge su tas.

 Na ɗaga ido na dubi bangon gabas, sai ta babbar tagar nan na hango farin ɗankwalin Mama.

Tana zaune a kekenta a tsakiyar ɗakin, an lulluɓe mata ƙafafu da bargo, ta ɗaga fuska tana kallon gajimare. Na manta rabon da in ga fuskarta a sake haka. Baba na tsaye a gefenta, hannu a baya, yana nuna mata da haɓa inda gado zai zauna.

"Ga Barkono!" ya ce da ya gan ni a bakin ƙofa. "Uwarki ce ta matsa sai ta ga ɗakinta, tun safe take nuna mini hanya. Maƙwabta suka sauko mana da ita, mai tasi ya kawo mu. Da muka zo keken ya ƙi shiga, ƙarafan banzan nan sun gitta a bakin ƙofa, shi ne na kawar da su, muka turo ta ta kan katakon nan. Ƙarfe uku zai dawo ya ɗauke mu. Dubi yadda ɗakin ya fito yanzu."

 Ban shiga ba. Na ja da baya na ciro waya, har sau biyu ina danna lambar da ba ita ba. Da Injiniya ta ɗauka na gaya mata a numfashi ɗaya.

 

"Duka biyun?" ta ce.

"Duka biyun."

"Ta yaya ya kai notin sama?"

"Da tsani."

"A jikin bangon ya jingina tsani? Innalillahi. Sista, akwai iska a wurinku?"

Na ɗaga wayar sama don ta ji da kunnenta.

"To saurare ni da kyau. Kada wanda ya sake taɓa bangon nan. Kada ku ce za ku mayar da ƙarafan, don sai an hau tsani, kuma wanda ya hau, da shi bangon zai tafi. Motar ɗaga kaya ba za ta iso ba sai nan da awa biyu. Ku fitar da ita yanzu, ta ƙofar ciki."

Ƙofar ciki a toshe take. A bayanta aka jibge buhunan simintin da na zo dubawa, sun fi ni tsawo, kuma ni da bakina na ce a ajiye su a wurin. Na gaya mata.

"To sai ta ƙofar bangon," ta ce a hankali. "Kada keken ya bugi gefen ƙofa. In kun fita kada ku tsaya, ku yi nisa, taku goma ko fiye. Ban san ta ɓangaren da zai faɗi ba."

Na jefa wayar a aljihun riga ban kashe ba. Ƙofar nan da na yi ta ɗokinta, ni na zaɓi faɗinta da kaina, sai da na runtse ido kafin in iya ratsa ta.

"Baba, mu fita da Mama. Yanzu."

"Ai ruwan bai sauko ba tukuna, mai tasi ma..."

"Bangon nan ba a kan komai yake ba! Ƙarafan da ka kwance su ke riƙe da shi!"

Ransa ya ɓaci. "Ni za ki koya wa bango? Tun kafin a haife ki nake..." Ya taka zuwa kusurwa, inda bangon gabas ya haɗu da na kudu, ya ɗora tafin hannu a kan mahaɗar don ya nuna mini. Ina cewa kada ya taɓa, iska ta buso da ƙarfi, ta kwaso yashi ta watsa mana ta taga.

Ni ban ga bangon ya motsa ba, fuskar Baba na gani. Hannun da ya shekara arba'in yana shafa gini ya ji abin da idona bai kama ba. Ya janye shi da sauri, ya dube shi, sannan ya durƙusa da ƙyar, ya kwantar da kunci a daɓe ya leƙa ƙarƙashin bangon. Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗago.

"Babu kwaɓi," ya ce. "Barkono, babu kwaɓi a ƙarƙashinsa. Ajiye shi kawai aka yi."

Ban taɓa ganin tsoro a fuskar ubana ba sai ranar. Da ya ci gaba da musu, da ya fi mini sauƙi.

Na kama keken na juya shi zuwa ƙofa, sai ya tirje. A daɓen akwai wata 'yar kwata da aka bari don bututun ruwa, tayar baya ta faɗa ciki har rabi. Na ja, na tura, keken ya karkata ta ɓangaren da Mama ba ta iya riƙe kanta, ta zame, na tare ta da gwiwa. Baba ya sunkuya zai ɗaga tayar, bayansa ya riƙe, na ji ya yi nishi ya dafa ƙasa. A kusurwa wani siririn layin haske ya buɗe daga sama har ƙasa, ya rufe, ya sake buɗewa. Duk rufewa sai a ji wata ƙara ƙasa-ƙasa kamar ana tauna tsakuwa, ɓarɓashin kankare na zubowa.

Mama ta gane. Hannunta na hagu, mai lafiyar, ya damƙe rigata.

"A bar keken," na ce. "Goya ta zan yi."

A asibiti an koya mana yadda ake ɗaga mara lafiya, mutum biyu, a ƙirga ɗaya, biyu, uku, ba gaggawa. Duk ya gudu daga kaina. Na durƙusa a gabanta na ba ta baya, Baba ya turo ta, ya ɗora hannun da ba ya motsi a kafaɗata. Na cire mayafina muka zagaye ta da shi, na ɗaure a ƙirji. Mama ba ta da jiki sosai, amma wanda rabin jikinsa ba ya taimakonka, nauyinsa biyu ne. Na yunƙura na koma. A na biyu na miƙe.

Daga keken zuwa ƙofa taku biyar ne. Ruwa ya fara ɗigowa manya-manya. Ina ɗaga ƙafa sai na ga Baba ya wuce ni. Na zaci gaba zai yi ya riƙe mini katakon da za mu sauka ta kai. Ina! Tsakanin ƙofa da taga ya tsaya, ya kafa ƙafa ɗaya a baya, ya manna tafukansa biyu da kafaɗa a jikin bangon.

"Baba! An ce kada a taɓa!"

"Wuce."

"Tan huɗu ne, Baba, me za ka iya..."

"Na ce ki wuce da ita!"

Ya san ba zai iya ba, ya fi kowa sani. Amma ba lokacin gardama ba ne, ko ga mai bakina. Na wuce.

Kaurin bangon bai fi tafin hannu ba, amma ratsa shi ya yi mini tsawo kamar ba zan fita ba. Na matse jikina don kada ƙafar Mama mai lilo ta goge shi. Ɓarɓashi ya zubo mini a wuya. Ina jin numfashinta a kunnena, gajere-gajere. Katakon da aka jingina daga daɓe zuwa ƙasa ya jiƙe, takalmina na aiki sai santsi yake yi, na sauka a karkace ina addu'ar da ban san farkonta ba balle ƙarshenta. Na taka ƙasa. Na ƙirga goma, na ƙara biyar, sai da na kai tulin yashi sannan na juya.

Baba bai fito ba.

Ta taga ina hango gefen fuskarsa a manne da kankare, hularsa ta faɗi, ruwa na bin furfurarsa. Iskar daga gabas take, ciki take tura bangon, wato kansa. Yanzu kam da idona nake ganin saman bangon yana sunkuyawa yana dawowa.

"Baba, mun fita! Sake shi ka taho!"

Bai juyo ba.

"Baba!"

"In na saki zai tafi," ya ce. Da ƙyar na jiyo shi, kuma ba muryar da na sani ba ce.

Na gane abin da ya same shi, don na sha gani a asibiti. Tsoro ne ya kulle shi, hannuwan sun ƙi barin bangon. Na zazzaga masa duk abin da ya zo bakina. Na ce taurin kansa ne ya kawo mu nan, na ce in ya mutu a wurin nan ba zan yafe masa ba, na faɗi abubuwan da 'ya ba ta gaya wa uba. A aljihuna muryar Injiniya na ta kira, Sista, Sista. Na so in sauke Mama in koma in finciko shi, amma ɗaurin mayafin ya jiƙe ya ƙi kwantuwa, hannunta kuma ya sarƙe mini wuya ta ƙi saki. Ina tsaye ina kallon ubana zai mutu, ba abin da zan iya, sai kuka ya ƙwace mini.

Can na ji ƙirjin Mama ya cika a bayana. Numfashi take tarawa, yadda take yi in kalma za ta fito, a jira, a ƙara jira. Akwai sunan da take tsokanarsa da shi tun suna da ƙuruciya, tun yana dawowa gida fari fat da siminti. Shekara biyu ban ji shi a bakinta ba.

"Birkila."

Bai fito da ƙarfi ba, a karkace ma ya fito. Amma kan Baba ya juyo.

"Zo," ta ce.

Ya dube ta ta tagar. Ya ɗauke hannu ɗaya, ya tsaya, sannan ya ɗauke ɗayan. Ya fito ta ƙofar a sunkuye, ya sauko katakon yana dafa gwiwa, ya taho yana jan ƙafa, don bayansa ba zai bar shi ya yi gudu ba. Kowane takunsa sai da na ji shi a cikina. Yana isowa na damƙi rigarsa na riƙe, kamar wani zai ƙwace mini shi.

Bangon na nan tsaye. Iskar ta ɗan lafa, ruwa ya tsuge. Mu uku muka tsaya muna kallonsa, har wata wauta a zuciyata ta fara cewa ko dai Baba ne da gaskiya tun farko. Sai iskar ta dawo. Saman bangon ya sunkuya ciki kamar ɗazu, wannan karon bai dawo ba. A hankali ya fara, sannan ya tafi gaba ɗaya. Ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin ƙafafuna, ƙarar ta toshe mini kunne, farar ƙura ta tashi duk da ruwan da ake yi. Da ta kwanta, babu ƙofa babu taga, daga titi ana ganin cikin ɗakin Mama. Keken ne kawai ba a gani.

Baba ya zauna daɓas a cikin laka. Ya kama ƙafar Mama da ke lilo a gefena, ya riƙe da hannu biyu yana ta shafawa. Takalminta ɗaya babu. A haka mai tasi ya zo ya same mu, ya fito yana salati, ya taimaka mini muka yanke ɗaurin mayafin da wuƙar yanka waya.

Ranar Litinin na ce Baba ya zauna a gida. Kafin in gama shiri ya riga ni sauka. Muna tsaye motar ɗaga kaya ta ɗauke fasasshen bangon gida uku. A ƙarƙashinsa keken ya baje kamar faranti, bargon a manne da shi, ga takalmin Mama a gefe.  Ni dai na juya baya.

"Baba," na ce, ba tare da na dube shi ba, "ni ya kamata in gaya maka tun ranar Juma'a."

"Sama na duba," ya ce. "Ban duba ƙasa ba."

Sai ya nufi wurin Injiniya, yarinyar da ya yi jika da ita, riƙe da gwangwanin madara a hannu biyu. Notunan na ta ƙara a ciki, kowa na ji.

"'Yata, ga su," ya ce. "Huɗu ne, ban yar da ko ɗaya ba."

Ta karɓa da hannu biyu ita ma, ba ta ce masa komai game da Asabar ba.

"In an kawo sabon bangon," ya ce, "ki bar ni in tsaya in ga yadda ake ɗaurewa. Ba zan taɓa ba. Gani kawai."

Ta bar shi. Ya tsaya daga farko har ƙarshe, hannu a baya, ya ga an yi walda, ya ga an ɗura siminti a ƙasa har hasken nan ya toshe, ya ga an ɗora rufi. Ranar da aka zo kwance ƙarafan sai da ya tambaye ta sau uku ko ta tabbata.

Yanzu shekararmu guda a gidan. Mama na shan hantsinta kullum a bakin ƙofarta mai faɗi, a sabon keke, har ta ƙara kalmomi uku ko huɗu. Amma duk ranar da hadari ya haɗo ta gabas, iska ta fara kaɗa labule, sai Baba ya tashi ba tare da ya ce wa kowa komai ba, ya shiga ɗakin, ya turo ta zuwa falo, can nesa da bangon. Ni na san an yi walda, na san siminti ya kama, na san ko guguwa ba za ta motsa shi ba. Duk bakin nan nawa, ban taɓa gaya masa haka ba. Tashi nake yi in buɗe masa ƙofa.